Ƙungiyoyin waƙa sun ƙaru a majami'unmu, to me ya sa jama'a suka daina rerawa?

Kwayamasta_Mabera
Salama gare ku 'yan'uwa mawaƙa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tunda zauren nan ya tara mawaƙan ikilisiyoyi daban-daban na garin Sakkwato, bari in baje ta a nan. Sa'ad da na shiga ƙungiyar mawaƙa a majami'armu, ƙungiya ɗaya ce tilo, sai Zumuntar Mata da ke ba da waƙa kafin wa'azi. Yau muna da mawaƙan Hausa, da na Turanci, da bandin matasa, da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, da mawaƙan yara, ga Zumunta tana nan daram. Duk rahoton ƙarshen shekara sai an rubuta cewa sashen waƙa ya bunƙasa. Amma Lahadin da ta wuce aka ɗauke wuta muna tsakiyar waƙar buɗe sujada, kafin a ta da janareta majami'a ta yi tsit. Waƙar nan tana cikin Littafin Waƙoƙi, iyayenmu sun san ta da ka, amma ba wanda ya riƙe ta sai wasu tsofaffin mata a bencin gaba. Yanzu dattawa sun ware mana kuɗi daga baikon godiyar kaka. Matasa sun ce a sayi sabon kibod da miksa, wato na'urar haɗa sauti. Ni ina ganin a kashe kuɗin wajen koyarwa da sayen littattafan waƙa. Ku da kuke wasu majami'u, yaya abin yake a wurinku? Yawan ƙungiyoyi da kayan kiɗa shi ne ci gaba, ko mun mai da jama'a 'yan kallo ne?

Ɗan_Kibod
Baba Kwayamasta, ashe nan ka kawo ƙararmu. Ai kai ma ka san halin kibod ɗin nan. Maɓallan tsakiya uku sun mutu, in waƙa ta biyo ta kansu dole in ɗaga ta sama, masu murya ta ɗaya su yi ta maƙurewa suna harara ta. Ba kwalliya muke nema ba, kayan aiki ne.

Kwayamasta_Mabera
Ɗana, ban ce kada a gyara ba. Gyara daban, sabo daban.

UwarZumunta_Gwiwa
Mu dai ba a taɓa ɗauke mana wuta a tsakiyar waƙa ba, don tulu da kacau-kacau ba sa shan fetur. Kwayamasta, amsar tambayarka tana wurinmu, ba ku dai tambaya ne. Waƙarmu mai bayarwa ɗaya ce, sauran su amsa, amshin kuma gajere. Kafin a zagayo na biyu har masu gadin ƙofa sun kama. Mace ta zo yau daga ƙauye ba ta iya karatu ba, ta zauna kusa da mai buga tulu, mako biyu ta iya. Kuma yawancin waƙoƙin mu muke tsara abinmu: a yi wa'azi a kan ɗa ɓatacce ran Lahadi, ran Alhamis wata ta zo da baiti biyu, mu gyara mata, mu sa amshi. Ku kuwa sai ku ɗauko waƙa daga waya, mai baiti dogo da Turancin da ko mai rerawar ba ta gama ji ba, sannan ku ce jama'a ba sa bi. Da wane baki za su bi?

BesNaBaya
Mama ta gama magana. A rufe zaure kawai.

Dattijo_Zuru
Kada a rufe tukuna. Kwayamasta ya sosa mini inda yake ƙaiƙayi.

Na zo Sakkwato aikin gwamnati tun Zuru tana cikin jihar Sakkwato. A lokacin, in ka leƙa bencin mawaƙa a majami'un da ake sujada da Hausa, mu mutanen Zuru za ka tarar, da na kudancin Kaduna, da na Filato, da wasu 'yan'uwa daga Amanawa inda mishan ta SIM ta riƙe asibitin kutare. Da aka yanke jihar Kebbi a 1991, ma'aikata suka tattara suka koma Birnin Kebbi, ƙungiyarmu ta tsage biyu. A 1996 aka yanke Zamfara, wasu kuma suka nufi Gusau. Me ya hana waƙa mutuwa a lokacin? Kowa a cikin jama'a ya iya waƙoƙin. A kira lamba, a buɗe littafi, kowa ya ɗauka, da mawaƙa ko babu. Na yarda yawancin waƙoƙin littafin fassara ne, muryoyinsu na Turawa ne, wani lokaci ma muryar takan ja kalma zuwa inda Bahaushe ba ya kai ta. Duk da haka littafin ya tsayar da Badakkare da Bajju da Angas da Bahaushe a kan baiti ɗaya.

Abin da nake so yaranmu su gane shi ne, ƙungiyar mawaƙa a garin nan a kan matafiya take tsaye. Wannan soja ne a barikin Giginya, gobe a yi masa canjin wurin aiki. Wancan ɗalibi ne a jami'ar Danfodiyo, ya gama ya kama hanya. Waccan 'yar bautar ƙasa ce, shekara ɗaya gare ta. In waƙar duka tana hannun waɗannan, ranar da suka ɗaure kaya da ita za su tafi. Ku zuba ta a cikin jama'a da yaran da aka haifa a nan.

Kofa_Tangale
Baba, mun gode, gaskiya ka faɗa, amma a ji ta bakin matafiyan ma. Ni daga sansanin masu bautar ƙasa na Wamakko aka turo ni wata makaranta a cikin gari. Na tarar da bandin matasa masu ƙwazo, amma ba ko ɗaya mai iya karanta solfa, wato rubutun sautin waƙa na do-re-mi, komai da kunne ake ɗauka. Na ce duk mai so ya zo ran Asabar da safe in koya masa kyauta. Makon farko aji ya cika. Yanzu in na samu mutum biyar na gode Allah, kuma uku daga cikinsu 'yan bautar ƙasa ne irina. 'Yan gida sai ranar da za a fita gayyata ko za a raba anko ake ganinsu. Na rubuta solfar waƙoƙin da na koyar a littafin rubutu, na kuma ɗauki kowace murya daban a waya: ta ɗaya, alto, teno, bes. Wa zan miƙa wa in zan tafi? Ban ga mai miƙo hannu ba.

Matashin_Arkilla
Yaya Kofa, ba ƙi muke yi ba. Asabar da safe yawancinmu muna shago ko muna kan babur muna neman na abinci. Da yamma kuma, tun bayan tashin hankalin Mayun 2022 da dokar hana fitar da ta biyo baya, iyaye da yawa ba sa yarda 'ya'yansu mata su kai magariba a waje. Koyon waƙa da ake yi daga biyar zuwa bakwai ya koma huɗu zuwa biyar da rabi. A watan Afrilu kuwa, zafi ya haura 40, wa zai tsaya ƙarƙashin kwano da ƙarfe huɗu yana jan numfashi? Mayar da ajin ran Lahadi bayan an tashi sujada ki ga ko ba za mu zauna ba.

Kofa_Tangale
Bayan sujadar awa huɗu? To, zan gwada.

Ma'aji_Tsohon_Filin_Jirgi
Tunda an ambaci awa huɗu, bari in sa baki. A wurinmu ƙungiya shida ce, kowace sai ta ba da waƙa biyu, in aka hana ɗaya sai fushi har gaban dattawa. Kafin Fasto ya hau bagade yara sun yi barci, masu girki sun fara zamewa. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, janaretar koyon waƙa kaɗai tana cin abin da a da muke biyan kuɗin wuta da ruwa da shi. Bandi ba sa koyo sai an ta da inji, mawaƙan Turanci haka. Ni a ganina, Kwayamasta, kada ku sayi kibod, kada ku sayi littafi, ku sa sola ƙarama da za ta ɗauki kibod da lasifika ɗaya. Rana ce dai Allah ya hore mana a Sakkwato ba iyaka. Na uku kuma shi ne wanda kowa yake tsoron faɗa: masu kiɗa sun fara neman a riƙa biyansu.

BesNaBaya
Yawwa, an zo wurin. Ni ban yarda a biya kowa ba. Hidima ce. In aka biya mai kibod, mai ganga zai ce shi fa? Mu masu bes da muke fasa maƙogwaro a baya fa? Matan Zumunta da suke sayen zanensu da kuɗinsu fa? Ranar da kuɗi ya shiga, wanda ya fi biya shi zai ɗauke maka yaro.

Ɗan_Kibod
Yaya Bes, ai tuni ake ɗauka. Abokaina biyu sun koma wata majami'a don ana ba su na mota. Ni daga Kwannawa nake zuwa, sau uku a mako ban da Lahadi, ga biki, ga jana'iza, ga addu'ar dare. Kai in ba ka zo ba, akwai wasu masu bes. Ni in ban zo ba, waya ta dinga ruri ke nan har dare. Ban ce albashi ba, amma kuɗin Keke fa?

MalaminLittafi
Ku biyun kowa yana da hujja, amma bari mu duba abin da aka rubuta. A 1 Tarihi 25, Dawuda ya keɓe mawaƙa horarru 288, ba tarkace aka tara ba. A 1 Tarihi 15:22 an sa Kenaniya shugabancin waƙa saboda gwani ne. Sannan a Nehemiya 13:10, da aka daina ba Lawiyawa masu hidimar Haikali da mawaƙa rabonsu, kowa ya koma gonarsa, aikin Haikali ya tsaya, Nehemiya kuwa shugabanni ya tsawata wa, ba mawaƙan ba. Saboda haka kula da mai kiɗa ba baƙon abu ba ne. Amma Kolosiyawa 3:16 ba ga ƙungiya aka rubuta ta ba, ga ikilisiya duka ce, cewa a koyar da juna da zabura da waƙoƙi. Shawarata: a ba mai kibod na mota, da sharaɗin ya zaunar da yara biyu a gefensa yana koya musu. In ya tafi ya bar magada.

BesNaBaya
Malam, Lawiyawa ba su da gādon ƙasa, shi ya sa aka ciyar da su. Ɗan_Kibod yana da shagon gyaran waya.

Ɗan_Kibod
Shagon da nake rufewa in zo in buga muku.

Bala_MaiSifika
Ku yi hanƙuri in sa baki. Ni Musulmi na, wani abokin aiki yas saka ni zauren ga don ni ka gyaran kayan sauti na majami'u da masallatai da 'yan biki cikin gari. Abin da nika gani kullum guda na. Ba kayan ka da laihi ba, hannu na. Yaro ya murɗe miksa har jan wuta ya kama, sauti ya dinga tsagewa, wata ukku sifika ta ƙone a ce jabu anka saya. Ga gini na siminti, ga rufin kwano babu silin, ƙara na bugun bango tana dawowa, wanda ag ga baya ba ya jin kalma ko guda, ganga ɗai yaka ji. To mutumin da bai ji muryar na kusa da shi ba, ƙaƙa za shi waƙa? Ku rage ƙara, ku aza sifika gaban masu makirfo ba bayansu ba, kukan ga da taka yi shi daina. Ku ba mawaƙa ƙaramar sifika guda tana kallonsu su ji kansu. In hunturu ya kama ku ruhe miksa da kibod da zane, ƙura ita ka kashe maɓallai. Kuma kada ku haɗa kaya kai tsaye da ƙaramin janareta babu sitabilaiza. Kibod ɗin da kuka cewa ya mutu, wataƙila robar ƙasan maɓallan ta ɗai taƙ ƙare ko datti ya shiga. Ku kawo in buɗe in gani kahin ku zubda kuɗɗi.

UwarZumunta_Gwiwa
Malam Bala, Allah ya yi maka albarka. Maganar ƙarar nan mun yi har mun gaji. Jikata sai da na riƙa toshe mata kunne da auduga in za mu zauna kusa da lasifika. Kuma muna da maƙwabta. Mu a wurinmu Rabaran ya kafa doka, in ana addu'ar dare ƙarfe goma a kashe lasifikar waje, in kuma ana kiran salla a masallacin layinmu a sassauta ganga har a gama. Ba wanda ya ragu da komai.

Katikis_RunjinSambo
A ɓangarenmu na Katolika matsalar tana da wata fuska. Har zuwa Majalisar Vatikan ta Biyu, wato babban taron bishop-bishop na Katolika, da Latin ake Misa, mawaƙa su rera jama'a su saurara. Takardar da majalisar ta fitar kan ibada a Disambar 1963 ita ta buɗe ƙofar harsunan gida, kuma ta nace cewa jama'a su sa baki sosai, ba su zauna kallo ba. Wato abin da Kwayamasta yake kuka da shi, an yi kukansa tun kafin Sakkwato ta zama dayosis, wato yankin da bishop yake kula da shi, a 1964. Abin da yake taimakonmu shi ne tsari: akwai sassan Misa da ba sa canzawa, jama'a sun haddace su. In mawaƙa suka kawo sabuwar murya mai wuya a waɗannan sassan, Fada da kansa zai ce a koma wadda kowa ya sani. Gwaninta a bar ta zuwa lokacin baiko, ko bikin Santa Sisiliya na 22 ga Nuwamba, ranar mawaƙa ke nan, su yi duk abin da suka iya. Namu ciwon kan harshe ne. A babban cocin Holy Family da sauran na cikin gari akwai Ibo, akwai Tibi, akwai Idoma, akwai masu Hausa, kowa yana so a ji nasa. A ƙauyuka kuwa Hausa ce zalla da ganga, kuma a can ne za ka ji coci duka yana rerawa har ƙasa tana amsawa.

'YarAlto
Ni dai tunda ana maganar kuɗi, a taɓo anko. Bikin mawaƙa anko, Kirsimeti anko, Ista anko, gayyata anko. Ɗaliba ce ni, wallahi na daina zuwa wata biyu saboda kunyar ba ni da na bana. Akwai 'yan mata masu murya da suke zaune cikin jama'a saboda wannan kaɗai. Kuma rigunan nan masu kauri da hula da aka kwaikwayo daga ƙasashen sanyi, a zafin Sakkwato? An taɓa fitar da wata a sume ana tsakiyar waƙa.

BesNaBaya
Wannan gaskiya ne. Fari da baƙi ya isa, kowa yana da shi a gida.

UwarZumunta_Gwiwa
'Yata, kada a haɗa da zanen Zumunta dai. Namu ɗaya ne, shekara da shekaru, in ya tsufa ki sayi wani irinsa.

Mai_Kula_Da_Zaure
'Yan'uwa, anko a buɗe masa nasa zaren. A koma kan tambayar Kwayamasta.

MalamarLahadi
To bari in koma. Ni ina tare da Baba Dattijo, amma ba a kan sayen littafi ba. Mun taɓa sayen littattafai aka zuba a benci, kafin shekara rabi sun bi mutane gida, sauran yara sun yayyage. Abin da ya yi mana aiki shi ne minti goma. Kowace Lahadi kafin a fara sujada, mai bi da waƙa ya tsaya ba kiɗa, ya koya wa jama'a baiti ɗaya da amshi, a maimaita waƙar nan har wata ya ƙare. A makarantar Lahadi ma ita muke koya wa yara. Ran Lahadin ƙarshen wata sai ka ji yara suna jan iyayensu. Wata yarinya da ba ta wuce aji huɗu ba ta tsaya kan benci tana kaɗa hannu tana gyara wa babanta inda yake saurin shiga, majami'a duka aka yi dariya, amma daga ranar ya iya. Yaran nan su ne ba a yi wa canjin wurin aiki.

Matashin_Arkilla
Mama, har sai sun ci jarrabawa sun tafi Jos ko Zariya karatu. Su ma matafiya ne, jinkiri kawai suka yi. Kuma a faɗi gaskiya, in aka mayar da komai tsofaffin waƙoƙi, matasa za su gudu inda ake kiɗan zamani. Da yawa bandin nan ne ya riƙe su a coci. Ni kaina ganga ce ta kawo ni kafin wa'azi ya kama ni.

Dattijo_Zuru
Ɗana, ban ce a kori bandi ba. Mu ma da muka shigo da ganga cikin majami'a akwai dattawan da suka ɓata rai, don an koya musu cewa ganga ta bori ce da wasan gargajiya. Zabura 150, mai cewa a yabi Allah da kayan kiɗa, muka riƙa buɗe musu. Kowane zamani da abin kiɗansa. Amma ga gwaji mai sauƙi: ku jira Lahadin ƙarshen Disamba, lokacin da kowa ya tafi gida Kirsimeti, Zuru da Kafanchan da Pankshin sun kwashe mutanensu, har waƙoƙin Kirsimeti ma a farkon wata kuke yinsu don kada a rasa masu yi. Ranar nan ku saurari majami'arku. Abin da kuka ji, shi ne ainihin abin da kuke da shi.

Kwayamasta_Mabera
Na karanta duka, na gode. Minti goman Malama zan kai gaban dattawa ran Asabar, da sharaɗin Malam na koyar da yara biyu. Maganar sola ban san ko kuɗin zai kai ba. Amma har yanzu ban gamsu cewa ƙungiya shida a sujada ɗaya ci gaba ba ne. Da so samu ne a haɗe mawaƙan Hausa da na Turanci su zama ɗaya.

'YarAlto
Baba, kada ka fara. An gwada a wurinmu, faɗan wa zai zama shugaba ya fi wata shida.

Ɗan_Kibod
Ni ban janye maganar sabon kibod ba, a rubuta. Amma Malam Bala, in na kawo tsohon gobe, nawa za ka duba shi?

Bala_MaiSifika
Dubawa kyauta ta. Kawo shi bayan la'asar, ka haɗo da adaftarshi, don wani lokaci ita ka da matsala.

Kofa_Tangale
Wanda yake son muryoyin da na ɗauka a waya ya yi mini magana ta gefe in tura masa. Littafin solfa kuma guda ɗaya ne, sai dai a yi hoto. Matashin_Arkilla, Lahadi bayan sujada, ka zo da mutanenka, kowa ya taho da biro da ruwan sha.